Goggo Saratu da Monita

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Goggo Saratu a unguwar Damilu ya san ba a gaishe ta da gudu. In ka shigo kana "sannu Goggo" kana wucewa, ko kai ba za ta ɗaga daga tsintar shinkafarta ba, sai dai ka ji ta ce, "Sake daga farko." Ma'ana ka koma bakin ƙofa, ka yi sallama, ka shigo, ka rusuna, ka tambayi gida da gajiya ɗaya bayan ɗaya. Ni Yakubu, ɗan ƙaninta, har furfura ta fito mini a gemu ana mayar da ni bakin ƙofar nan. Sabon faston da aka kawo mana ma bai tsira ba, da Littafinsa a hammata ya koma ya sake shigowa.

Ta daɗe tana hedimasta a firamare a nan Jimeta. Da ta yi ritaya makaranta ce ta rabu da ita, ita ba ta rabu da makaranta ba. Kun san Hausarmu ta Yola ba ruwanta da mace ko namiji. Wani ya taɓa shigowa da murna ya ce, "Goggo, matana ya haihu." Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Wane ne matan naka har ya haihu? Sake daga farko." Sai da bawan Allah ya ce "matata ta haihu" sannan ta rangaɗa guɗa.

To a shekarun nan da tsoro ya shigo garin nan, lokacin da in tayar mota ta fashe a kasuwa sai kowa ya watse ya bar takalminsa, Hamma Filibus, ɗanta tilo da ke aiki a Fatakwal, ya kasa samun kwanciyar hankali. Ya roƙe ta ta koma wurinsa, ta ce ita ba kaya ba ce. Sai ya aiko da wani kwali a motar haya, ya kira ni, tunda ni wayarin da haɗa sola ne sana'ata, ya ce in je in kafa mata.

Wani farin akwati ne a ciki, bai fi faranti girma ba, da madannai a fuskarsa. Shi ke kunna fitilu ya kashe, ya kulle get ya buɗe. Yana da wasu ƙananan idanu masu jin motsi da ake kafawa a katanga da ɗakuna, yana da jiniya, a cikinsa kuma akwai layin waya, ta yadda Hamma Filibus yana Fatakwal zai tura saƙo akwatin ya yi biyayya. Na wuni ina huda bango, Goggo tana zaune a kujerarta tana kallona kamar mai tsaron jarrabawa.

"Wa ke gaya masa abin da zai yi?" ta tambaya.

"Ni zan tsara masa dokoki, Goggo. In ce masa, idan magariba ta yi ka kunna fitilar tsakar gida. Idan ka ga motsi a kan katanga ka yi ihu."

"In an buɗe ƙofa fa?"

"Sai ya tura wa Hamma Filibus saƙo."

"Wato yana kai ƙara."

"Kusan haka."

"To ai monitan aji ne. Ka ce Filibus ya aiko mini da Monita."

Sunan da ya bi shi ke nan.

Ba a jima ba Monita ya fara abin kunya. Ranar da matan zumunta suka zo koyon waƙa a tsakar gidan, rana na tsakiyar ka, sai fitilun gidan kaf suka kama, get ya ce ƙaras ya kulle kansa. Mata sun gama waƙa, kowace tana son ta je ta ɗora tukunya, babu hanyar fita. Aka kira ni, na bar aiki a unguwar Karewa na taho a guje. Na duba fuskar akwatin, na tarar agogonsa na nuna tsakar dare. Na gyara agogo, na buɗe get, na ba mata haƙuri. Washegari aka maimaita. Na canza batirin da ke riƙe shi in an ɗauke wuta, abin bai daina ba. Na shiga silin cikin zafin Yola ina bin waya ɗaya bayan ɗaya ko ɓera ya ci, na fito kamar an tsamo ni daga Binuwai. Na kira mutumin da ya sayar da shi a Legas, ya ce kayansa ba ya haka, sai dai hannuna.

Rannan na zo ba zato da azahar. Na tarar an lulluɓe Monita da wani ɗan ƙyalle na saƙa mai fure-fure, filoginsa a ƙasa, wayar batirin ma an zare.

"Goggo, wa ya cire wannan?"

"Ni. Yana hutun rana."

"Ba ya hutu, Goggo. In kika yanke masa wuta gaba ɗaya mantawa yake da lokaci, in ya farka sai ya ɗauka dare ne."

"Ya kwana yana gadi, ya kuma wuni yana gadi? Ko jaki ana sauke masa mangala."

"To me ya sa ba ki gaya mini ba, kina gani ina ta shiga silin?"

"Ka tambaye ni? Ka tambayi waya, ka tambayi ɓera, ka tambayi mutumin Legas. Ni da nake kwana gida ɗaya da shi ba ka tambaye ni ba. Malamin da bai je wurin iyayen yaro ba, a banza yake dukan yaro."

Da ƙyar muka daidaita. Ƙyalle zai zauna, filogi ma zai zauna. Na nuna mata wani madanni da ke dusashe hasken fuskar akwatin, na ce in ta danna ya yi barci ke nan. Daga nan kullum azahar sai ta danna, ta rufe shi, ta ce wa yaran da take riƙo su rage murya.

Sai kuma batun talotalo. Goggo na da wani ƙaton namijin talotalo mai girman kai, wanda ya ga babu wurin da ya dace da shi sai kan katanga, daidai gaban idon Monita. Wata la'asar jiniya ta ɓarke. Ku tuna lokacin fa, ba lokacin wasa da jiniya ba ne. 'Yan banga suka taho da gorori, masu shaguna suka ja ƙofa. Malam Hammadu maƙwabcinta, dattijon nan ɗan tsohon garin Yola da suka shekara da shekaru katanga ɗaya, ya fito da butarsa a hannu, ƙafa ɗaya a wanke ɗaya a bushe. Aka kewaye gida, aka ɗaga kai, sai ga talotalo ya baje bindi yana kallon jama'a.

Na ce a bari in rage wa idon ƙarfi, ya daina ganin ƙananan abubuwa. Goggo ta ƙi.

"Ya ga abu ya faɗa. Za ka toshe masa ido don ya faɗi gaskiya?"

Malam Hammadu ya ce, "Malama, useko, don Allah, in ba za a taɓa idon ba a taimaka a rage bakin. Zuciyata ta tsufa."

Aka tsaya a kan jiniya sai da dare, da rana kuwa murya za a sa, don akwatin yana iya ɗaukar murya ya maimaita. Na ce in yi magana a ɗauka, ta ce muryata ko kaza ba za ta kora ba. Ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta yi gyaran murya, ta saki irin wadda take yi a filin asambuli: "Kai. Na gan ka. Durƙusa a nan ka ɗaga hannu, kada ka motsa sai na zo." Ni da nake riƙe da na'urar sai da na kusa durƙusawa.

Talotalo dai bai sake hawa katanga ba. Amma wata Lahadi, duk gidan an tafi sujada, Malam Hammadu ya ji muryar Goggo tana ta maimaita kanta. Ya jingina tsani ya leƙa. Sai ga wani ƙato mai gemu a durƙushe gindin katanga, hannu sama, buhu a gefensa babu komai ciki. Da hannunsa ya gaji ya ɗan sauke, ido ya ga motsi, murya ta sake tashi, "kada ka motsa sai na zo," sai ya mayar da hannu da sauri. Malam Hammadu ya tausaya masa ya ce ya sauke ya huta. Ya ce, "A'a Baba, Malama ba ta ce ba."

Muka dawo muka tarar da su haka, Malam Hammadu a kan tsani yana taya shi hira. Goggo ta dubi mutumin sau ɗaya ta kira sunansa, da na ubansa, da ajin da ya bar makaranta.

"Ba ka san gidana ba ne?"

"Wallahi ban sani ba, Malama. Sai da na ji murya."

'Yan banga sun taru suna son a miƙa musu shi. Ta ce ɗalibinta ne, ba mai taɓa shi.

"Ta ina ka shigo?"

"Ta katanga, Malama."

"Sake daga farko."

Aka buɗe masa get ya fita. Kowa ya ce shi ke nan, an ga ƙeyarsa. Sai muka ji ƙwanƙwasa. Ya yi sallama, ya shigo, ya rusuna, ya tambayi gida da gajiya. Ta sa aka zubo masa tuwo, ya ci yana hawaye, sannan ta roƙi Malam Hammadu ya sama masa aiki a gonarsa ta bakin kogi. Yana zaune cikinmu yau da iyalinsa, ba zan nuna shi ba, amma shi ne wanda ya fi kowa kallon ƙasa.

Daga baya Goggo ta gaji da kirana. Ta ce in koya mata tsara dokokin da kanta. Ta sa tabarau, na nuna mata yadda ake cewa idan kaza ya faru a yi kaza. Ta ce, "Wannan ai dokokin makaranta ne, idan ka makara ka share fili. Me ya sa kuke sa shi ya zama kamar aikin likita?" Dokarta ta farko ta tsimi ce, don Goggo ta tsani ganin fitila na ci a banza. Ta tsara cewa in ɗan lokaci ya wuce babu motsi a falo, fitila ta mutu.

Ranar da dokar ta fara aiki Dattijo Yohanna na cocinmu ya zo, aka ba shi addu'ar abincin yamma. Kun san addu'ar Dattijo. Daga Adamu da Hauwa'u take tashi, ta bi ta Masar, ta tsaya a jeji ta huta, kafin ta iso Damilu miya ta daskare. Kowa ya rufe ido ya yi tsit, Monita ya duba bai ga motsi ba, ya ɗauka falo ba kowa, ya kashe fitila. Dattijo ya ɗan buɗe ido ya ga duhu, ya ɗauka makanta ce, ya ce, "Ya Ubangiji, idona," ya ɗaga hannu sama. Take fitila ta kama. Sai ya ce, "Na gode, ya Uba," ya ɗora sabuwar addu'ar godiya a kan ta farko.

Bayan ya tafi na ce mata in gyara, ta ce, "Bar shi. Monita ya ce amin, mu ne muka yi jinkiri." Amma wani ya je ya tona wa Dattijo asirin. Tun daga nan in zai yi addu'a a gidan sai ya riƙa kaɗa hannu ɗaya kamar mai korar ƙuda, fitila ba ta mutuwa, addu'a kuwa sai da ta ƙara tsawo. Wannan ne kaɗai karon da na ji Goggo ta ce, "An ci ni."

Ana nan sai garuruwan arewacin jihar suka fara watsewa. Mutane suka yi ta shigowa Yola daga Mubi da Michika da Madagali, wasu a bayan tirela, wasu a ƙafa, da abin da ke jikinsu kawai. Hamma Filibus ya sa doka daga can cewa da magariba get ya kulle, kada a buɗe sai gari ya waye.

Wata magariba Goggo ta leƙa ta ga mace zaune a bakin get da yara, ƙafafunsu duk sun kumbura. Ta danna lambobin buɗe get a jikin akwatin ta buɗe musu. Monita ya kai ƙara Fatakwal. Hamma Filibus ya turo saƙo, get ya kulle. Wasu suka iso, ta buɗe, ya kulle. Ni kuma ina tsakiya, wayata ba ta hutawa.

"Yakubu, ba mu san mutanen nan ba," in ji Hamma Filibus. "In ɗaya ya shigo da wani abu a ƙarƙashin riga fa? Tsohuwa ce, ita kaɗai nake da ita."

Gaskiya ni ma ina bayansa, don abin da yake tsoro ya faru a wasu wurare. Na je na zauna na faɗa mata haka. Ba ta yi mini faɗa ba.

Ta ce, "Na ji. Tsoron nan ni ma ina da shi, kada ka ga kamar ba ni da hankali. Amma in na kulle ƙofa da nawa tsoron, su ina za su kai nasu?"

Ta tashi ta sa tabarau, ta tsaya gaban akwatin tana danne-danne a hankali. Ban gane abin da ta yi ba sai da wayarta ta yi ƙara. Ashe lambar Hamma Filibus ta goge daga cikin waɗanda Monita ke jin maganarsu. Ya turo saƙon kulle get, akwatin ya mayar masa da amsa cewa bai san wannan lambar ba.

Ina jin muryarsa daga inda nake zaune. "Mama, ni fa na sayi akwatin nan."

"Ni ma ni na haife ka, kana jin maganata?"

Gidan ya cika. Ita da Malam Hammadu suka raba aiki ta kan katanga, maza su kwana a zaurensa, mata da yara a wurinta. Musulmi da Kirista, tabarma ta haɗu da tabarma har bakin kicin. Masu salla ta ware musu gefen rumfa, ta ce wa yaran gida duk wanda ya gifta gabansu zai share fili.

Sai wata rana, duhu ya fara shiga ke nan, iska ta ɗaga wani zane daga igiya ta kifa shi kan katanga. Jiniya ta tashi. Ina gidan ranar. Kafin in kai ga akwatin babu yaro ko ɗaya a tsakar gida, duk sun shige ƙarƙashin gadaje, ba mai kuka, ba mai magana. Wata mata ta rungume jaririnta ta tafi can ƙarshen gida ta manne da bango, aka yi ta kiranta ba ta ji. Goggo ta tsaya tsakiyar tabarmin nan da babu kowa a kai.

Can ta ce, "Yakubu, cire jiniyar nan. Muryata ma cire."

"To tsaron fa, Goggo?"

"Mutanen nan sun ji ihu ya ishe su."

Ta goge dokar tsimin fitila da hannunta. Ta tsara sabbi: fitilar bakin get ta kwana tana ci, ta baranda da ta ɗakin yara su ma kada su mutu, don yaran ba sa iya rufe ido a duhu. Na ce mata batirin sola ba zai ɗauki wannan da fankarta ba, dole ɗaya ya haƙura. Ta ce in cire fanka. Watannin zafin nan na Yola da ko ƙadangare ke neman inuwa, Goggo da mahuci ta yi su.

Hamma Filibus ya taho da kansa da niyyar yin faɗa. Ya shigo, ya tsaya ya dubi tsakar gidan, ya dubi uwarsa tana raba kunu da ludayi tana gyara wa wata yarinya Hausa. Ya ja ni gefe ya ce in je kasuwa in ƙaro batir da faranti na sola, in biya in sayo masara. Lambarsa dai ba ta mayar ba nan take. Ta ce sai ya nuna hali mai kyau na zango guda.

Da abubuwa suka lafa baƙin suka koma garuruwansu kaɗan-kaɗan, gidan ya koma shiru. Ta rayu shekaru bayan haka da ƙarfinta, sai daminar bara ta kwanta 'yar gajeruwar jinya ta tafi. Ranar jana'iza kun ga motocin da suka zo daga arewa, mutanen da yawancinmu ba mu ma gane su ba. Wata mata a cikinsu, da ɗanta da ya girma har ya fi ni tsawo, ta kama hannuna ta ce ranar da suka iso garin nan sun bi layi-layi, kowane gida duhu da kwaɗo, har ta ce wa yaran su kwanta a bakin kwalbati. Sai babban ya hango fitila ɗaya tana ci a ƙarshen layi, suka tafi wurinta, suka tura ƙofa ta buɗe.

Ya Allah, ga baiwarka Saratu ta iso ƙofarka. Ka buɗe mata kamar yadda ta buɗe wa bayinka, ka yafe mata faɗanta da taurin kanta, ka ba ta wuri mai sanyi ta huta. Mu da ta bari, ka ba mu ko rabin zuciyarta. Amin.